Bangka da Belitung: wa ke riƙe da sikelin kuza?

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ya ga wannan: mai gyara ya warware wani siririn zare mai launin azurfa, ya ɗora masa bakin ƙarfe mai zafi, zaren ya narke ya zama ɗigo, ɗan hayaƙi ya tashi, ya liƙe ƙafar da ta saki. Dalma muke ce masa. Amma mafi yawan abin da ke cikin zaren nan kuza ne, kuma kusan rabin kuzan da duniya ke ci a shekara wannan aikin liƙin yake tafiya, a cikin waya da kwamfuta da talabijin da mota. Indonesiya ce kan gaba wajen fitar da tataccen kuza zuwa kasuwannin waje, sannan kusan kashi 90 cikin 100 na kuzanta daga tsibirai biyu yake fitowa, Bangka da Belitung.

Shekara ɗari uku ke nan ana tonon waɗannan tsibirai. Masu mulki sun canja, injina sun canja, har sunan ƙasar ya canja. Abin da ya ja hankalina ga lamarinsu shi ne matakin da aka ɗauka tsakanin 1999 da 2001, lokacin da aka buɗe wa talaka ƙofar haƙar abin da ke ƙarƙashin gonarsa bayan an daɗe ana hana shi, da kuma inda wannan ƙofa ta fitar da mutane. Sai dai ba za a gane ƙofar ba sai an san katangar da aka fasa.

Wurin da abin da ke ƙarƙashinsa

Bangka na kwance gabas da babban tsibirin Sumatra, siririn mashigin teku ne ya raba su. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 11,700 ko kusa da haka, wato ya ɗan haura rabin jihar Kano. Belitung na gabas da shi, bai kai rabinsa ba. A shekarar 2000 aka cire su daga lardin Sumatra ta Kudu suka zama lardi mai cin gashin kansa, da hedikwata a Pangkalpinang. Ƙidayar 2020 ta samu mutum kusan miliyan ɗaya da rabi. Mafi yawansu Malayawa ne Musulmi, sai kuma jikokin Sinawa waɗanda kuzan ne ya kawo kakanninsu.

Tsibiran su ne wutsiyar wani dogon jerin duwatsu masu kuza da ya taso daga Myanmar, ya ratsa Tailan da Malesiya, ya ƙare a nan. Ruwan sama na miliyoyin shekaru ya ruɓar da dutsen, ya kwashe ƙasa marar nauyi, ya bar baƙin yashin kuza, wanda ya fi yashi nauyi nesa ba kusa ba, kwance a gindin tsofaffin kwaruruka. Mutanen wurin suna kiran wannan shimfiɗa kaksa. Mutumin Bukuru ko Barikin Ladi ba ya buƙatar dogon bayani, domin haka kuzan Filato yake kwanciya. Bambancin ɗaya ne, kuma babba. A zamanin da ƙanƙara ta rufe sassan duniya, teku ya ja baya sosai, tsakanin Sumatra da Borneo tudu ne mai koguna. Da ruwa ya dawo ya rufe kwarurukan da kuzansu. Saboda haka arzikin bai tsaya a bakin gaɓa ba, ya ci gaba har ƙarƙashin teku, daidai inda masunta ke jefa koma.

Sarki, kamfani, gwamnati

Wajen 1710 aka fara fitar da kuza daga Bangka, lokacin tsibirin yana ƙarƙashin Sarkin Palembang, wata masarauta a Sumatra. A 1722 kamfanin cinikin Holan, VOC, ya ƙulla yarjejeniya da fadar cewa shi kaɗai za a riƙa sayar wa, a kan farashin da aka yanke. Kasuwar tana Sin, inda ake buge kuza ya zama falle-falle a liƙa a takardun da ake ƙonawa don girmama magabata, ake kuma shafe cikin akwatunan ganyen shayi da shi. Da sarki Mahmud Badaruddin na ɗaya ya ga tonon hannu na 'yan ƙasa ba zai ƙosar da kasuwa ba, sai ya buɗe hanya ga ma'aikata Sinawa, akasarinsu 'yan ƙabilar Hakka, waɗanda suka iya sarrafa ruwa da magudana da murhun narkarwa. Suna aiki ƙungiya-ƙungiya, abin da ake kira kongsi. Wakilin sarki ya ba su shinkafa da tufafi da kuɗi bashi, su biya da kuza a farashinsa, kamar dai yadda ɗan kasuwa ke ba manomi bashi da damina ya karɓi buhu da kaka. Sarki kuma ya sayar wa Turawa a nasu farashin, wanda bai kai na kasuwar Sin ba. Tun daga ranar aka haifi fasa-ƙwauri, kuma har yau bai tsufa ba.

Ingila ta ƙwace Bangka a 1812. Bayan shekara biyu ta amince ta ba Holan shi a musayar garin Cochin na Indiya, aka miƙa a 1816, kamar ana musayar gonaki, ba tare da an tambayi kowa a tsibirin ba. Daga nan gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe haƙar Bangka da hannunta. Akwai waɗanda suka ƙi. Depati Amir ya yi ta gwabzawa da su daga cikin daji har aka kama shi a 1851 aka kai shi Kupang, can tsibirin Timor. Sunansa filin jirgin saman Pangkalpinang ke ɗauke da shi yanzu, kuma a 2018 aka sa shi cikin gwarazan ƙasa.

Belitung ta bi wata hanya. A 1851 wasu Turawa suka tabbatar akwai kuza a can, aka ba 'yan kasuwa masu alaƙa da gidan sarautar Holan izinin haƙa, sannan a 1860 aka kafa kamfanin Billiton a birnin Hague. Billiton ɗin nan ba wani abu ba ne illa yadda bakin Bature ya furta Belitung. Kamfanin ya girma ya wuce tsibirin: Shell ya saye shi a 1970, Gencor na Afirka ta Kudu ya karɓa a 1994, a 2001 ya haɗe da BHP na Ostireliya suka zama BHP Billiton, ɗaya daga cikin manya-manyan kamfanonin ma'adinai na duniya. Sunan ƙaramin tsibiri ya yi shekaru a allon kasuwar hannun jari ta Landan, alhali yawancin masu sayen hannun jarin ba su san inda yake a taswira ba.

A nan ne labarin ya taɓa gidanmu kai tsaye. A farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya (a Malesiya ta yau) da waɗannan tsibirai, Birtaniya ta wayi gari ta rasa babban wurin da take samun kuzan yaƙi. Sai ta juyo kan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 aka riƙa kwasar manoma daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Wasu sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe su, wasu suka gudu da dare. A 1943 abin da Nijeriya ta haƙo ya haura tan 17,000, adadin da ba ta sake kaiwa ba. Dattijon da aka ɗebo daga ƙauyen Zazzau ko Katsina bai taɓa jin sunan Bangka ba, amma faɗuwar Bangka na cikin abin da ya raba shi da gonarsa.

Bayan 'yancin Indonesiya, gwamnati ta karɓe kamfanonin Holan tsakanin 1953 da 1958, ta haɗe su wuri ɗaya a 1968, a 1976 suka zama kamfanin da yau ake kira PT Timah. Timah shi ne kuza a harshensu. Tuta ta canja, tsari bai canja ba. Kamfanin na da unguwanninsa masu katanga, da makarantunsa da asibitocinsa da wutar lantarkinsa. Wanda ba ma'aikaci ba kuwa, in aka kama shi da buhun yashin kuza, ko daga bayan ɗakinsa ya tono, mai laifi ne, kuma a zamanin Shugaba Suharto jami'an tsaro ba sa wasa da wannan. Bamalaye ya noma farin masoronsa, wanda ya yi suna a duniya da sunan garin Muntok, ko ya kama kifinsa. Kuza na gwamnati ne.

Ranar da kasuwa ta rushe

Shekaru da dama Majalisar Kuza ta Duniya, wadda Indonesiya da Malesiya da Tailan da Nijeriya duk suna cikinta, ta riƙa tallafe farashi ta hanyar saye da ɓoyewa duk lokacin da ya so faɗuwa. Amma gwangwanin alminiyam yana cin kasuwar gwangwanin kuza, Brazil da ba ta cikin majalisar tana ta zubo nata, majalisar kuma tana ciyo bashi tana saye. Ranar 24 ga Oktoba 1985 ta ce kuɗi sun ƙare, da bashin kusan fam miliyan 900 a kanta. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, ba ta sake buɗewa ba sai 1989. Farashin tan ɗaya da ya haura fam 8,000 ya faɗo ƙasa da rabi.

A Filato, wannan ne ya ƙarasa kamfanonin da dama suna tangal-tangal. A Indonesiya PT Timah ya tsira, amma da yankan wuƙa. A farkon shekarun 1990 ya rage ma'aikatansa daga sama da 20,000 zuwa dubu biyar da 'yan kai, ya sauke nauyin asibitoci da makarantu, ya tattara manyan ayyukansa daga Belitung da tsibirin Singkep, ya dawo da hedikwatarsa daga Jakarta zuwa Pangkalpinang. Dubban mutanen da suka san inda kaksa take kwance, suka san yadda ake wanke ta, suka koma gida ba aiki. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba kaɗan.

Da aka buɗe ƙofa

Rikicin kuɗi na Asiya ya zo a 1997, Suharto ya sauka a Mayun 1998, sabuwar gwamnati ta shiga raba iko ga larduna da gundumomi. A 1999 ma'aikatar ciniki ta cire kuza daga jerin kayan da gwamnati ke sa wa ido na musamman wajen fitarwa. A 2001 shugaban gundumar Bangka, Eko Maulana Ali, ya fitar da dokar gunduma da ta ba jama'a damar haƙa. A daidai lokacin kuma farashin masoro, wanda ya yi tashin gwauron zabo a 1998 da 1999, ya rikito. Manomin da zai jira shekara uku kafin masoro ya fara ba da 'ya'ya ya ga maƙwabcinsa yana tono da safe yana karɓar kuɗi da yamma. Ba sai an yi masa wa'azi ba.

Hujjar masu buɗe ƙofar tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙarni uku ana kwashe arzikin wuri ana kai wa Palembang da Hague da Jakarta, mai wurin yana kallo ta saman katanga. In an ce yanzu lokacinsa ne, wa zai ce a'a? Kuma kuɗi sun shiga hannun mutane da gaske. An yi gidajen bulo, an sayi babura, an tura yara jami'a, an je Makka. Cikin 'yan shekaru ƙananan ramuka suka kai dubbai. Ana kiransu TI, gajarcen kalmomi biyu da ke nufin haƙar da ba ta bi tsarin da aka saba ba, suna mai ladabi da ya rufe mai izini da marar izini a mayafi ɗaya.

Ga yadda aikin yake. Motar tona ƙasa ta kwashe saman, ta bar rami mai zurfin gida hawa biyu ko uku. A gindin ramin mutum uku zuwa biyar ne, tsamo-tsamo cikin ruwan laka har gwiwa. Ɗaya na riƙe da tiyo yana feshin bangon ramin da ruwa mai ƙarfi, bangon yana narkewa yana gangarowa. Injin dizal na biyu yana zuƙe lakar ta bututu yana kaiwa sama, cikin wani dogon akwatin katako mai gangara da ake kira sakan. Can ake ta juya ta da fartanya ƙarƙashin ruwa mai gudu, farin yashi ya wuce, baƙin ya zauna. A ƙasan sakan, inda ruwan ke zuba, mata da yara ne da faranti da ƙananan darduma suna tace abin da ya kuɓuce. Da yamma a zuba abin da aka samu a buhu, a kai wa dillali, ya duba kyansa, ya ɗora a sikeli, ya faɗi farashi. Sau da yawa dillalin nan shi ya ba da kuɗin inji da na dizal, don haka ba a kai wa wani. Wakilin Sarkin Palembang da ya dawo duniya zai gane wannan ciniki nan take.

Bangon da ake fesawa yashi ne jiƙaƙƙe, ba katako ba turaku. In ya tashi zuwa, ba ya sallama. Alƙaluman 'yan sanda na 2011 sun nuna kusan mutum ɗaya ke mutuwa kowane mako a irin wannan haɗari, ban da waɗanda aka binne shiru don kada a rufe ramin.

Da na tudu ya fara ƙaranci sai aka shiga ruwa. Ana ɗaure durom-durom a shimfiɗa katako a kai, a ɗora inji da sakan, a tura cikin teku. Wani lokaci dogon bututun ƙarfe ake soka wa ƙasan teku daga sama. Wani lokaci mutum ne zai nutse, da siririn tiyon iska a baki wanda ke haɗe da injin hura taya, ya rungumi babban bututun zuƙa a cikin duhun laka, ya yi sa'o'i yana tona ramin da zai iya rufe shi. Nesa kaɗan da su kuma ga manyan jiragen zuƙa da na yasa na kamfanoni masu lasisi, suna yin abu ɗaya a babban sikeli.

Ba a ramin gizo ke saƙar ba

Yashin kuza ba ya shiga waya. Sai an narkar da shi a murhu mai tsananin zafi, an tace, an zuba shi ya zama tubali mai tsarkin kashi 99.9 cikin 100. Ramuka dubbai ne, ba mai iya gadinsu. Murahu kuwa 'yan ƙalilan ne, kowanne da adireshi da bututun hayaƙi. Duk wanda ke son sanin inda ikon wannan sana'a yake, can zai duba.

Da farko ɗanyen yashin ake lodawa zuwa Malesiya da Singafo. A 2002 gwamnati ta hana fitar da shi ɗanye. Sakamakon shi ne masana'antun narkarwa masu zaman kansu suka tsiro a Bangka, da dama daga cikinsu ba su da wani filin haƙa na kirki, amma kullum murhunsu na ci. A Oktoban 2006 'yan sanda suka rufe wasu daga ciki, mahaƙan da suka rasa mai saye suka afka wa ofishin gwamna suka farfasa. A 2013 aka ce duk kuzan da zai fita sai ya bi ta kasuwar hada-hada ta cikin gida. Kowace doka ta zo, sai ciniki ya lanƙwasa ya bi ta gefenta.

Buƙata kuma sai ƙaruwa take. A Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai da ta hana sa gubar dalma a kayan lantarki ta fara aiki, zaren liƙin da a da kashi 60 da ɗoriya ne kuza ya koma sama da kashi 95. Dokar da aka yi don kare lafiyar yaran Turai ta ƙara wa ramukan Bangka zurfi. A 2012 'yan jarida da ƙungiyar kare muhalli ta Friends of the Earth suka bi sawun kuzan daga rami har cikin wayoyin hannu. A 2013 Samsung ya amsa cewa akwai kuzan Bangka a cikin kayansa, Apple ya ce zai bincika. An kafa kwamitoci, an yi taruka. A Maris na 2022 farashin tan ɗaya ya kai wajen dala 50,000, kuma a irin wannan farashi babu kwamitin da zai hana mutum shiga rami.

Abin da aka bar wa masu gida

Wanda ya leƙo ta tagar jirgi yayin sauka a Pangkalpinang zai ga ƙasa kamar fuskar da agana ta ci: farin yashi, da tafkuna shuɗɗa da kore birjik. Kolong ake kiransu, 'yan uwan kududdufan Rayfield da Bukuru. Sababbinsu ruwansu na da tsami, tsofaffin kuma wasu an mai da su wurin kiwon kifi ko madatsar ruwan sha. Sauro na hayayyafa a cikinsu. Kadojin bakin teku, waɗanda aka lalata wa fadamu, sun koma zama a ciki, har lardin ya shiga sahun gaba a Indonesiya wajen yawan mutanen da kada ke kamawa. Koguna sun cike da yashi, kuma da ambaliya ta shanye Pangkalpinang a Fabrairun 2016, wannan na cikin dalilan da aka lissafa.

Doka ta ce kamfani ya cike rami ya dasa itatuwa. Ana yi a wasu wurare. Matsalar ita ce in farashi ya tashi, sai masu ƙananan injina su dawo su tumɓuke dashen su sake wanke yashin, domin abin da babban inji ya raina a da ya isa ya ciyar da gida yau. Ga kuma wani baƙin yashi da ke fita tare da kuza, monazayit, mai ɗauke da ma'adinai masu tsada da kuma sinadarin da ke fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan, irin wanda ke jibge a tsofaffin wuraren wankin kuza na Jos.

A teku, laka ce ke kashe murjani, ta kori kifi da ƙaguwa, masunci ya ƙara nisa ya ƙara mai. Da yawa sun gaji sun sayar da koma sun haɗa nasu durom. Wasu sun ƙi. A ƙauyen Batu Beriga na Bangka ta Tsakiya, masunta sun yi ta zanga-zanga a 2024 kan shirin fara haƙa a ruwansu, duk da cewa kamfanin PT Timah na riƙe da lasisi. Takarda na hannun kamfani, abincin yara na cikin ruwan.

Belitung ta samu wata mafita da ba ita ta zaɓa ba. Tafiyar kamfani ta jefa ta cikin wuya, amma ta tilasta mata neman wata sana'a. Wani labari da ɗan tsibirin ya rubuta a 2005 kan yaran wata matalauciyar makarantar Muhammadiyya a garin Gantong, a gefen katangar ma'aikatan kamfani, ya zama fim a 2008, miliyoyin mutane suka kalla, suka ga farin rairayi da manyan duwatsun bakin teku na Tanjung Tinggi, suka fara zuwa. A 2021 UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihin ƙasa da duwatsu na duniya, har tsohon ramin Nam Salu ya zama wurin kai baƙi. Garin Manggar na tallar kansa da shagunan gahawa, al'adar da ta samo asali daga zaman ma'aikatan kuza kafin aiki da bayansa. Masu otal da masunta sun haɗa kai wajen ƙin jiragen zuƙa a ruwan tsibirin. Kada dai a ɗauka an daina tono: a gabashin Belitung injina na nan suna ruri. Abin da ya bambanta shi ne an samu mutane masu murya waɗanda cinsu ya dogara ga tsabtar ruwa.

Shari'ar tiriliyan 300

A 2024 ofishin babban lauyan gwamnati ya bankaɗo abin da mutanen Bangka suka daɗe suna faɗa a shagon gahawa. Tsakanin 2015 da 2022, a cewar masu gabatar da ƙara, wasu shugabannin PT Timah da masu masana'antun narkarwa sun shirya yadda za a riƙa tono ba bisa ƙa'ida ba a cikin filayen kamfanin, a bi da yashin ta kamfanonin bogi, sannan kamfanin ya sayi kayansa da kuɗinsa. Ya kuma yi hayar murahun masana'antu biyar a farashin da aka kumbura. Masu binciken kuɗi na gwamnati suka ce asarar ta kai rufiya (kuɗin Indonesiya) tiriliyan 300, sama da dala biliyan 18. A ciki, wajen tiriliyan 26 kuɗin yashin ne, sama da tiriliyan 2 na hayar murahu, sauran tiriliyan 271 kuma ƙiyasin ɓarnar muhalli ne da Farfesa Bambang Hero Saharjo na jami'ar aikin gona ta Bogor ya lissafa a kan fili mai faɗin hekta 170,000.

An yi ta jayayya kan wannan adadi na ƙarshe, domin ba kuɗi ne da wani ya zuba a aljihu ba, har wasu a Bangka suka kai ƙarar farfesan wurin 'yan sanda. Ni a ganina amfaninsa ba a daidaiton lissafi yake ba. Karo ne da aka sa wa kogi da daji da kolong farashi a gaban alƙali, kuma farashin ya ninka kuɗin da aka karkatar kusan sau goma. Ɗan kasuwa Harvey Moeis, wanda ya wakilci ɗaya daga cikin masana'antun, an yanke masa shekara shida da rabi a Disamban 2024. Jama'a suka yi ca, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da shi shekara 20 a Fabrairun 2025. Tsohon shugaban PT Timah ma 20 ɗin ya samu.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka aka yi shekara ashirin: a kama mai tiyo, a ƙona masa durom a gaban kyamara, murhu na ci. Wannan karon an taɓa gardi. Amma da aka ƙwace murahun, kurar ce ta fara jin yunwa. Masu saye suka ragu, farashin kilo ya faɗi a ƙauye alhali yana sama a Landan. Kuzan da Indonesiya ta fitar a 2024 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, tattalin arzikin lardin bai ƙaru da ko kashi 1 cikin 100 ba, kasuwanni suka yi sanyi, 'yan fasa-ƙwauri suka ƙara ƙaimi da ƙananan jiragensu. A nan ne na ga kuskuren 2001 ƙarara. An ba talaka izinin shiga rami, ba a ba shi filin da yake nasa a takarda ba, ba a ba shi ƙungiyar da za ta yi ciniki da yawunsa ba, ba a kafa farashin da zai iya dubawa ba, ba a ware kuɗin cike ramin daga kowane kilo ba. Haɗarin aka raba wa kowa. Sikeli da murhu suka zauna a hannun 'yan kaɗan, sai dai hannun ya canja.

Ranar 6 ga Oktoba 2025 Shugaba Prabowo Subianto ya je Pangkalpinang ya halarci miƙa wa PT Timah masana'antun narkarwa shida da aka ƙwace, bayan ya ba da umarnin rufe haramtattun ramuka wajen dubu da toshe hanyoyin fasa-ƙwauri. A ranar, a wani gefen garin, dubban mahaƙa suka cika harabar hedikwatar kamfanin, aka fasa gilasai, aka harba hayaƙi mai sa hawaye. Suna so a bar su su yi tono, a daina kamun, a kuma ƙara kuɗin kilo. Kafin su watse, shugabannin kamfanin suka amince da rufiya 300,000 kan kilo ɗaya na yashi mai kashi 70 cikin 100 na kuza.